Yadda ake shafa wa daɓen kankare na mangaza ko izin sila a Damagaram

Wannan bayani na ƴan'uwana ƴan kwangila ne na nan Damagaram, musamman wanda aka damƙa wa daɓen babbar mangaza ko izin, wato masana'anta, ko garejin manyan motoci aka ce ya shafa mishi sila, wato maganin nan da ake shafa wa kankare ya toshe ƙananan ƙofofinshi, ya daina tashin ƙura, ya daina shan mai da ruwa. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne lambobin da ke jikin gwangwani da takardar kamfani, minti kaza kafin ya daskare, awa kaza kafin ya bushe, yawancinsu a zafi digiri 20 zuwa 23 aka auna su, mu kuwa a Afrilu da Mayu ko a inuwa ana wuce 40, balle cikin mangaza mai rufin kwano da ƙarfe biyun rana. To duk wanda ya bi takardar nan ido rufe bai daidaita ta da zafinmu da ƙurarmu ba, kuɗin mutane zai zubar.

Kafin ka faɗi farashi

Ka je ka ga wurin da idonka, kar ka yarda da hoto a WhatsApp. Tambayar farko da za ka yi wa mai wurin ita ce, Alhaji me za a zuba a nan, me zai riƙa bi ta kai? Amsarshi ce za ta zaɓa maka magani, don sila ba iri ɗaya ba ne.

Akwai mai shiga cikin kankaren ya ɓace ba ya barin fata a sama, shi ne silikat, na sodiyam ko fotasiyam ko litiyam. Yana haɗuwa da farar ƙasar da ta yi saura cikin siminti sai ya ƙara wa saman daɓen tauri, ƙura ta daina tashi. Ba ya ɓarewa tunda babu abin da zai ɓare, kuma laima tana iya fita ta cikinshi. Mangazar gero, wake, gyaɗa, buhuna dai busassu da amalanke da motar ɗaga kaya, ni a ganina wannan ne ya fi dacewa da su, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Amma fa ka gaya wa mai wurin gaskiya, silikat ba ya hana baƙin mai yin tabo, ba ya tare asid, kuma ba zai ba shi kalar nan mai sheƙi da ya gani a bidiyo ba.

Sai masu yin fata a sama. Akirilik shi ne mai araha, yana saurin bushewa, amma siriri ne, inda tayoyi ke bi kullum ba ya daɗewa sai an sake. Efoksi, wanda muke ce wa rezin, gwangwani biyu ne A da B, shi ne na gareji, na wurin matsar man gyaɗa, na ɗakin batura, na inda ake jibge takin zamani ko gishiri masu cin kankare. Rauninshi rana, in tana dukanshi yakan yi rawaya ya dushe, shi ya sa ba a kai shi filin waje, in kuma bakin ƙofa ne da rana ke shigowa sai a bi samanshi da foliyuretan irin wanda rana ba ta canza mishi launi.

Kayan nan yawanci daga Kano ko Yamai suke zuwa, wasu sun sha rana a bayan kamiyo, wasu sun daɗe a shago. Duba ranar lalacewa a kowane gwangwani, kuma ka nemi takardar bayanin kamfanin, in mai saidawa ya ce babu ka sa a nemo maka ita a intanet da sunan maganin. Wanda ba shi da suna ba shi da takarda, an ɗura shi a jarka kawai, bar shi ko da rabin kuɗi ne.

Binciken daɓen

Nan ne ya kamata ka daɗe. Tambayi ranar da aka zuba kankaren. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwana 28 kafin a sa mai yin fata, kuma ko ya kai 28 ɗin ba shi ke nuna ya bushe ba. Zafinmu yana yaudara, sama ta yi fari fat ta bushe ƙayau alhali ruwa na nan a ciki. Ka kuma tambayi wanda ya zuba ko ya shimfiɗa leda a ƙarƙashi kafin kankare. In babu leda, laimar ƙasa za ta riƙa hawowa duk damina, kuma ita ce ke tura efoksi ya kumbura ya yi ƙuraje ya ɓare a watan Agusta bayan an biya ka tun Maris.

Gwaji mafi sauƙi, yanki leda mai kauri santimita 45 kowane gefe, ka manna ta a daɓen da sikoci ta ko'ina kar iska ta shiga, ka bar ta aƙalla awa 16, ni na fi son ta yi kwana ɗaya cur. Kar ka yi wuri ɗaya, yi a tsakiya, yi a kusurwoyi, yi kusa da bangon da ruwan sama ke kwanciya a bayanshi. Da ka ɗaga ka ga gumi a jikin ledar ko wurin ya yi duhu, to kar ka sa efoksi. In ka samu na'urar auna laima ya fi, yawancin masu efoksi suna neman kar ta wuce kashi 4 cikin 100. Gwajin leda da aka yi a tsakiyar rani kuma ba ya ba ka labarin damina, saboda haka in daɓen ba shi da leda a ƙasa kuma wurin kwari ne, ka karkata zuwa silikat, ko ka nemi share fage, wato shafin farko da ake sawa kafin efoksi, wanda aka yi musamman don tare laima ka sa kuɗinshi cikin lissafi.

Daga nan ɗauki ƙusa babba ka karci daɓen da ƙarfi. In ta bar ɗan farin layi kawai, madalla. In ta shiga tana fitar da gari, saman ya mutu, kuma mun san dalili, ko an cika ruwa a kwaɓin, ko an yayyafa ruwa lokacin lailaya don cokali ya yi santsi, ko an barbaɗa busasshen siminti a kai, ko ba a shayar da shi ba rana ta ƙone shi. Wannan ɓawon dole ya fita, duk abin da ka shafa a kanshi tare za su tashi. Sai ka bi da guduma kana ƙwanƙwasawa, ko ka ja sarƙa a ƙasa, inda ka ji ƙarar ta canza ta zama ta holoƙo ka zagaye shi da alli, fasawa za a yi a sake cikewa.

Na ƙarshe, zuba ɗan ruwa wuri-wuri. In daɓen ya shanye ya yi duhu cikin minti ɗaya ko biyu ƙofofinshi a buɗe suke. In ruwan ya tsaya ya yi ƙwallo-ƙwallo akwai mai ko tsohon fenti ko wani magani da aka taɓa fesawa, kuma abin da ruwa bai shiga ba sila ma ba zai shiga ba.

Bayan duk wannan ne za ka rubuta farashi, kuma ka ware kuɗin gyaran daɓe daban da kuɗin shafawa, Alhaji ya gani da idonshi cewa yawancin aikin kafin a buɗe gwangwani yake. Ka yi mishi gwajin mita 2 da mita 2 a wata kusurwa ya zo ya taka ya amince da kala da sheƙi.

Wanki da gurza

Mai ake fara cirewa kafin gurza, in ka gurza da mai a wurin injin zai shafe shi ko'ina. Sa maganin wanke maiƙo, a goge da buroshi mai tauri, a kwashe ruwan dattin kar a bari ya sake bushewa a wurin, a maimaita har ruwa ya fara shiga. Kar a wanke da fetur ko gazuwal, wallahi ƙara tura man ciki suke yi, ga haɗarin gobara. Inda baƙin mai ya yi shekaru yana zuba har ya nutse, sare wurin a cike da sabo ya fi.

Sai gurza da injin daɓe mai haƙoran daimon, ƙaramin injin hannu kuma ya bi gefen bango da gindin ginshiƙai. Don efoksi ana so daɓen ya yi kaushi irin na takardar yashi in ka shafa tafin hannu, launinshi ya zama ɗaya babu sauran wuri mai ƙyalli. Don silikat gurza mai sauƙi ta isa, a dai buɗe fuskar. Wasu suna wanke daɓe da asid a madadin gurza, ni ba na ba da wannan shawarar, ba ya cire mai, ba ya cin wurin daidai, kuma yana buƙatar ɗauraya da ruwa mai yawa, ka sake jiƙa daɓen da ka sha wahalar jira ya bushe, a garin da kowa ya san yadda ruwa yake wuya.

Ƙurar gurza ba irin ƙurar hunturu ba ce da muka saba, garin dutse ne da yashi, yana zama a huhu ya yi illar da ba ta warkewa. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ta. Sai wa yaranka takunkumi na gaske mai matata, ka haɗa injin da mai zuƙar ƙura. Kuma ka zo da gurup ɗinka, injin ba da wuta, kar ka dogara da wutar gari, amma a ajiye shi waje, hayaƙinshi cikin rufaffen wuri kisa yake yi.

Tsagewa kuma iri biyu ce. Wadda ta tsage ta tsaya, buɗe ta da injin hannu ta yi baki mai faɗi, zuƙe ƙurar, cike da efoksi da aka kwaɓa da busasshen yashi mai laushi, in ya yi tauri a gurje ya daidaita. Amma layukan da aka yanka da gangan don daɓen ya samu wurin motsi, waɗannan kar ka toshe su da abu mai tauri, da zafin rana da sanyin dare kankare miƙewa yake yi yana takurewa, in ka rufe su zai tsage maka a gefe. Bar su, bayan ka gama shafa ka cika su da mastik mai laushi.

Shara da tsintsiya ba ta isa ba, a zuƙe sau biyu. Shafa baƙin ƙyalle a ƙasa ka duba, in ya yi fari a sake.

Rufe wuri da zaɓen lokaci

Kafin ranar shafa a toshe tagogi da ramukan iska na sama da leda ta ɓangaren da iska ke bugowa, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu da ƙurar gabas ke sauka ba dare ba rana, amma a bar mafitar wari ta ɗaya ɓangaren. Ɗaga kai ka duba ƙarafan rufi, ƙurar da ta kwanta a kansu da tattabarun da ke kwana a can duk a kan sabon aikinka za su sauke, a kakkaɓe tun kafin sharar ƙarshe. A sa mai gadi a ƙofa saboda awaki da masu leƙe.

Yawancin kayan nan ana so a shafa su daɓe na tsakanin 10 da 30. Zafin daɓen za ka auna ba na iska ba. Da rana ba zai yiwu ba a bazara, sai a zaɓi dare. Kuma akwai wani dalilin da ya sa yamma zuwa dare ta fi safiya ga shafin farko na efoksi, lokacin da kankare ke ɗaukar zafi iskar da ke cikin ƙofofinshi fitowa take yi, sai ta huda ɗanyen efoksi ta bar ƙananan ramuka birjik, lokacin da yake hucewa kuwa zuƙa yake yi, sai ya ja maganin ciki. To fara bayan la'asar sakaliya ko bayan isha, gwargwadon abin da na'ura ta nuna. Da damina kuma ka kula da raɓa, ƙa'ida ita ce zafin daɓe ya ɗara ma'aunin saukar raɓa, wato matakin sanyin da raɓa ke fara sauka, da aƙalla digiri 3, in hadari ya haɗu ko an yi ruwa ranar a ɗaga aikin kawai.

Aikin dare na da tashi matsalar, fitila na kiran ƙwari, da damina har da shinge, su faɗo cikin ɗanyen shafi su manne. Kafa fitila mai ƙarfi a waje nesa da ƙofa ta janye su, na ciki kuma a kashe su da zarar an gama. Gwangwanayen a ajiye su a ɗaki mafi sanyi tun kwana ɗaya kafin aiki, ko a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu murfi a rufe, ruwa kar ya kuskura ya shiga.

In maganin mai sinadarin nan ne mai wari irin na diliyan da ake tsinka fenti da shi, tururinshi na kama wuta. Kaskon shayin yara, sigari, walda, duk a fitar da su nesa, ba bakin ƙofa ba.

In silikat ne

Da famfon feshi ake sa shi, irin na gona amma sabo wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ba. Na sodiyam ana malala shi ne daɓen ya jiƙe sosai, a riƙa turawa da buroshi mai laushi, a tabbatar bai bushe ba kamar minti 30, inda ya shanye a ƙara. Za ka ji ya fara yauƙi a ƙarƙashin takalmi kamar miyar kuɓewa, sai a yayyafa ruwa kaɗan a sake gogawa, in ya sake yauƙi a ɗauraye a janye ragowar duka da majanyin roba. Abin da aka bari ya bushe a sama fari yake zama, kuma sai da gurza yake fita. Da iskar hunturu minti 30 ɗin nan wuya gare shi, wurin na bushewa kana kallo, don haka a yi yanki-yanki ƙanana, kuma tanadi ruwa mai tsabta a tano tun da wuri, ba ruwan tafki ba.

Na litiyam ya fi tsada a lita amma yana rufe wuri mai yawa kuma galibi ba ya son ɗauraya, fesawa ake yi siriri a baje da mofa, ya zauna a jiƙe minti 15 zuwa 20, kar a bar shi ya taru a kwari. In ka lissafa kuɗin ga-ruwa da na lebura sau da yawa shi ya fi sauƙi a nan.

In efoksi ne

Fara da lissafi. A ce mangaza murabba'in mita 600, takarda ta ce kilo 0.3 a kowane murabba'in mita, kilo 180 kenan a shafi ɗaya, ƙara kashi 10 cikin 100 saboda abin da rulo da bokiti ke ci da wuraren da suka fi sha. Haɗin kilo 10 zai rufe wajen murabba'in mita 33, sai ka sa alama a jikin bango inda kowane haɗi ya kamata ya ƙare. In yara sun wuce alamar da nisa sun ja shi ya yi siriri, in ba su kai ba kayan ba za su isa ba.

Mutum ɗaya za a ware wa damawa, ba ya yin komai sai ita. A juye B cikin A duka, in za a raba gwangwani a auna da sikeli daidai yadda takarda ta ce, ba da ido ba, kuma ƙara B ba ya sa shi saurin bushewa, ɓata shi yake yi. A dama da injin huda mai sandar damawa a hankali, juyi 300 zuwa 400 a minti, na minti 3, ana karce gefe da gindi, sannan a juye a wani bokiti mai tsabta a sake damawa minti 1. Wannan juyen na biyu shi ke hana ka samun wuraren da za su yi mako suna danƙo. Kar a ƙara diliyan don ya yi yawa.

Da an gama damawa agogo ya fara. Kusan duk ƙarin zafi 10 yana raba lokacin aiki biyu, wanda aka rubuta wa minti 30 a zafi 20 ka ɗauka 15 ne a 30, a 40 kuwa ko 10 ba zai kai ba. Kuma in ya zauna a bokiti da kanshi yake ɗaukar zafi, har ya yi hayaƙi ya daskare da rulo a ciki. Saboda haka a zuba shi ƙasa nan take a dogon layi, ɗaya ya baje da majanyin roba, ɗaya ya bi da rulo gaba da baya sannan a gicciye, wani ya riga su bin gefen bango da buroshi. A fara daga ƙuryar ciki a nufo ƙofa. Bakin shafin kar ya bushe kafin haɗi na gaba ya iso, in ba haka ba layi zai fito, shi ya sa ake tsara inda za a tsaya ya faɗo daidai kan layin yanka, ko don sallah ko don hutu. Safar hannu dole, efoksi na sa ƙaiƙayi da kumburin fata wanda in ya kama mutum da wuya ya rabu da shi, in ya taɓa jiki sabulu da ruwa, ba diliyan ba.

Shafi na biyu yana da lokacinshi, galibi tsakanin awa 12 da 24, da zafi tazarar na raguwa. Danna babban yatsa, in bai manne ba bai bar shaida ba ya yi. In ka wuce lokacin da takarda ta ba da sai an bi da takardar yashi an kashe sheƙin an zuƙe ƙura, in ba haka ba na biyun ba zai kama ba. Kafin ka shafa ka bi da fitila a kwance ka nemo ƙananan ramuka ka toshe. Inda ruwa ko mai zai riƙa zuba, da gangaren bakin ƙofa, watsa busasshen yashi tankaɗaɗɗe mai tsabta a kan shafin yana ɗanye, washegari a share wanda bai kama ba a rufe da shafin ƙarshe, don efoksi mai sheƙi in ya jiƙe kayar da mutum yake yi.

Miƙa aiki

A nan ake yawan samun saɓani, mai wuri ya ga daɓe na ƙyalli ya taɓa ya ji tauri, ga kamiyo cike da kaya a ƙofa. Taka ƙafa bayan awa 24, kaya marasa nauyi bayan kamar kwana 3, manyan motoci da wanki da ruwa sai kwana 7, a sanyin Disamba da Janairu ma ka ƙara a kai don sanyin dare na jinkirta shi. Ka faɗa mishi tun ranar ciniki, Alhaji mako guda wurin nan a rufe yake, ka rubuta a takarda ku sa hannu, makulli kuma ya zauna a hannunka har ranar.

Kafin ka miƙa, zaɓi wani lungu ka tsaga layuka a gicciye da reza, manna sikoci mai ƙarfi ka fizge a gabanshi, in babu abin da ya biyo ya kama. Ka ɗauki hoton kowane mataki da lambobin gwangwanaye ka ajiye. Sannan ka nuna wa masu kula da wurin yadda za su riƙe shi, shara kullum saboda yashin da takalma da tayoyi ke shigowa da shi shi ke cinye sheƙin, wanki da sabulu mai sauƙi ban da asid, kar a ja ƙarfe ko falet a ƙasa, man da ya zuba a goge shi a ranar. Ka bar musu ɗan ragowar A da B a rufe daban-daban da adadin haɗin a rubuce a jiki, don toshe inda wani abu mai nauyi ya faɗo ya ƙwarzane kafin ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashi.